Amon ƙwallon zarra: Abin da ya haɗa asibitin Wad Madani da ɗakin binciken Japan

Duk wanda ya taɓa raka tsohuwa kasuwa sayen tukunyar ƙasa ya san ba ta yarda da abin da ido ya nuna mata kaɗai. Sai ta ɗaga tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, sannan ta kara kunne. Idan amon ya fito tangaran, ta san tukunya ta gasu. Idan kuwa ya fito a dushe, to akwai tsaga a wani wurin da ido bai kai ba, sai ta ajiye ta nemi wata. Kusan irin wannan dabara ce masana kimiyya ke bi a yau domin sanin yadda aka gina cikin ƙwayar zarra, abin da babu madubin da zai iya nuna shi. Su ma ƙwanƙwasawa suke yi su saurara, sai dai amon da ke fitowa ba na kunne ba ne, wani haske ne mai ratsa jiki da bango wanda ake kira gamma.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai zancen Turawa ne da Japanawa, ina ruwan manomin auduga da shi? To amma akwai 'yan uwanmu Hausawa da wannan haske ya daɗe da shiga rayuwarsu, ko da yake yawancinsu ba su san sunansa ba. Su ne mazauna ƙauyukan Jazira da na bakin Shuɗin Kogin Nilu a ƙasar Sudan.

Hanyar Wad Madani

Tun ƙarnonin baya Hausawa da Fulani da Barebari ke ratsa Sudan a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Wasu guzuri ya ƙare musu, wasu zama ya yi daɗi, suka yada zango ba su sake tashi ba. Ayarin da ya fi shahara shi ne wanda ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da birnin Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gandun noman rani na Jazira, sai buƙatar masu cirar auduga ta ƙara jawo mutanen yamma, ƙauyukan Hausawa suka bazu a bakin magudanan ruwa.

Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne, a shekarar nan ta Burmi ce masanin nan Ernest Rutherford ya raɗa wa hasken gamma suna, bayan Bafaranshe Paul Villard ya gano shi a birnin Faris a 1900. Ke nan garin Mai Wurno da sunan gamma kusan sa'annin juna ne.

Inda suka haɗu kuwa shi ne Wad Madani, babban birnin Jihar Jazira. A da, duk wanda ciwon daji ya kama a faɗin Sudan, idan likita ya ce sai an yi masa gashi, ba shi da wurin zuwa sai cibiyar Khartum da aka buɗe a 1967. A farkon shekarun 1990 Jami'ar Jazira ta kafa tata cibiyar ta magani da makamashin nukiliya, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kafin shekarun su ƙare kuma aka fara gashi a wurin. Ita ce daga baya aka sa wa suna Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa. Ga matar da ta ji ƙullutu a nono a Mai Wurno ko a wani ƙauye da ke bayan Sinja, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Daga Sinnar tafiyar kimanin kilomita 100 ce, kuma da wuya a rasa ɗan uwa a Madani da za a sauka wurinsa tsawon makonnin da gashi ke ɗauka. Ciwon dajin nono kuwa shi ne ya fi kowanne yawa a tsakanin matan Sudan.

Daga cikin na'urorin da aka dogara da su a wurin akwai ta kobalt. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki zai ga wani ƙaton kai na ƙarfe a rataye bisa gadon mara lafiya, cike da dalma da wasu ƙarafa masu nauyi. Duk wannan nauyi sutura ce kawai. Ainihin mai aikin wani ɗan bututu ne da bai fi babban yatsa ba, a ɓoye can tsakiya. Ba a kunna shi, ba a kashe shi, dare da rana yana fitar da haske. Abin da ma'aikaci ke yi shi ne ya buɗe masa taga na 'yan mintuna a daidai inda ciwon yake, sannan ya rufe.

Me ke cikin bututun?

Kowane abu a duniya, daga ruwan kogi har ƙashin mutum, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A tsakiyar kowace zarra akwai wani dunƙule da za mu kira ƙwallon zarra, kamar yadda ake cewa ƙwallon dabino, sai dai shi ƙanƙantarsa ta wuce misali. Da za a hura zarra ta kai faɗin filin sukuwa, ƙwallonta ba zai wuce ƙwayar wake a tsakiyar filin ba, amma duk da haka kusan dukkan nauyin zarra a wurinsa yake. Iri biyu ne ke zaune a cikinsa, furoton da nutiron. Yawan furoton shi ne sunan abu: mai 26 baƙin ƙarfe ne, mai 27 kobalt, mai 28 nikel, mai 79 zinari. Nutiron kuwa yawansu kan bambanta ko a tsakanin 'yan gida ɗaya, kuma idan suka yi yawa ainun sai ƙwallon ya kasa zama lafiya.

Kobalt ɗin da ake haƙowa daga ƙasa yana da furoton 27 da nutiron 32, jimla 59, kuma lafiyarsa lau. Idan aka sa shi a tukunyar nukiliya ya haɗiyi nutiron ɗaya, ya zama kobalt-60, daga nan hankalinsa ya tashi. Ko ba jima ko ba daɗe, ɗaya daga cikin nutiron ɗinsa zai rikiɗa ya koma furoton, ya tofar da ilektiron. Yanzu furoton sun zama 28, wato kobalt ya koma nikel-60. Sabon nikel ɗin ba a natse ake haifarsa ba, yana zuwa da rarar kuzari, kamar wanda aka ɗora a kan tsani. Taki biyu yake yi ya sauko, a kowane taki kuma ya saki tartsatsin gamma guda. Na farko ƙarfinsa 1.17 ne, na biyu 1.33, a ma'aunin da masana ke kira MeV. Domin a gane girman abin, tartsatsi ɗaya irin wannan ya ninka na hasken da ido ke gani sau kusan dubu 500. Ke nan a gaskiyar magana hasken da ke gasa ciwo a na'urar kobalt ba na kobalt ba ne, amon nikel ne. Mai karatu ya riƙe lambar nan ta 1.33, za mu dawo kanta.

Lambobin nan ba sa canzawa. Ko a Kanada aka yi kobalt ɗin ko a Rasha, 1.17 da 1.33 ne. Siziyam-137 nasa 0.66 ne, aidin-131 da ake ba wasu masu cutar maƙoƙo nasa 0.36. Kowane ƙwallo da amonsa, kuma masani na gane shi kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa a tsakiyar garke. Kunnen da ake saurare da shi wani dutse ne na musamman. Akwai na gishirin sodiyam da aidin, wanda ke walƙiya idan gamma ya doke shi, dabarar da Robert Hofstadter ya fito da ita a 1948. Akwai kuma na jamaniyam tsantsa, wanda ya fi shi kaifin ji nesa ba kusa ba, amma ba ya aiki sai an sanyaya shi, galibi da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Kwamfuta na ƙirga tartsatsin ɗaya bayan ɗaya tana jera su bisa ƙarfinsu, har zane ya fito da tudu masu tsini. Daga inda kowane tsini ya tsaya ne masani ke sake gina tsanin da ƙwallon ya sauko ta kansa. Wannan shi ne ilimin tantance hasken gamma.

Gidan bene da lambobin siddabaru

To me tsanin ke faɗa? Tun a shekarun 1930 da 1940 masana suka lura cewa ƙwallayen da ke da furoton ko nutiron 2, 8, 20, 28, 50 ko 82, ko kuma nutiron 126, sun fi saura ƙarko. Kuzar da aka yi ta haƙa a Jos furoton 50 gare ta, kuma tana da iri 10 masu zaman lafiya, fiye da kowane sinadari. Dalma 82 gare ta. Aka rasa dalili, har aka riƙa kiransu lambobin siddabaru. A 1949 wata masaniya a Amurka, Maria Goeppert Mayer, da Hans Jensen da abokan aikinsa a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka warware ƙullin, aka kuma ba su biyun kyautar Nobel a 1963. Bayaninsu shi ne cikin ƙwallon kamar gidan bene yake, kowane hawa da adadin mutanen da yake ɗauka. Idan hawa ya cika dam, duk wanda za a motsa sai ya hau dogon tsani zuwa hawa na gaba. Saboda haka ƙwallon da ya cika ba ya motsuwa da ƙaramin bugu, amonsa na farko mai ƙarfi ne, kuma a mulmule yake kamar lemo. Wanda hawansa ke rabi da rabi kuwa yakan miƙe kamar ƙwai, abu kaɗan ke juya shi, amonsa na farko kuma mai rauni ne. Wato dai tangaran da dushe irin na tukunyar tsohuwa.

Shekaru da dama an ɗauka magana ta ƙare. Sai dai duk ƙwallayen da aka gwada dokar a kansu 'yan gida ne, masu zaman lafiya ko maƙwabtansu. Masu zaman lafiya kuwa ba su wuce 250 da 'yan kai ba. Waɗanda aka taɓa gani duka-duka sun haura 3,000, lissafi kuma na nuna za su iya kai 7,000. Mafi yawan waɗanda ba a gani ba a ɓangaren masu tarin nutiron suke, baƙin ƙwallaye da akasarinsu ba sa cika daƙiƙa guda a raye, ba a kuma samunsu a ƙasa ko a ruwa sai an ƙera su.

Da aka fara isa gare su sai aka ga abin mamaki. A ɗauki ƙwallaye uku da kowanne ke da nutiron 20, lambar siddabaru. Farar wuta-36 amonta na farko 3.3 ne. Silikon-34 ma 3.3. Da aka rage furoton biyu aka zo kan maganisiyam-32, maimakon a ji kusan haka, sai masana a cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa suka ji 0.89 a 1979. A 1995 wani gwaji a cibiyar RIKEN ta Japan ya tabbatar cewa ƙwallon ba a mulmule yake ba, a miƙe yake. Wato a nan lambar 20 ta rasa siddabarunta. Tsanin da ke tsakanin hawa biyu ya gajarce, har nutiron suka gwammace su bar gurbi a ƙasa su haye sama. Masana na kiran wannan yanki na taswirar ƙwallaye tsibirin juyi. Da Balarabe zai fassara sai ya ce jazira, kalmar da ta zama sunan ƙasar nan da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Yayin da tsofaffin lambobi ke dusashewa, sababbi na ɓullowa: a 2013 aka ji amon kalsiyam-54 a kusan 2.0 a RIKEN, abin da ya nuna cewa a can nesa nutiron 34 ma kan cika hawa.

Yanzu mu koma kan nikel. Nikel-60 na ɗakin gashi furoton 28 gare shi, hawa cikakke, amma nutiron ɗinsa 32 ne, ba su cika hawa ba, shi ya sa ya tsaya a 1.33. Yana da wani ɗan uwa na nesa, nikel-78, mai furoton 28 da nutiron 50, wato duka ɓangarorin biyu a cike, idan har dokar 1949 na aiki a can. Ganinsa ma kaɗai aiki ne ja. A 1995 a cibiyar GSI ta Jamus guda uku kacal aka gano, kuma rabin duk adadin da aka ƙera yakan rikiɗe cikin kimanin kashi ɗaya bisa takwas na daƙiƙa. Ta yaya za a ƙwanƙwasa tukunyar da ke narkewa kafin a ƙifta ido?

Ga yadda aka yi a RIKEN, a garin Wako kusa da Tokiyo. An cilla ƙwallayen yuraniyam-238 da gudun da ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na gudun haske, suka daki wani faifan beriliyam suka tarwatse gutsi-gutsi. Jerin manyan maganaɗisu ya tace gutsattsarin kamar yadda ake tankaɗe gari, aka ware jan ƙarfe-79 da tutiya-80. Waɗannan aka bar su suka afka cikin ruwan haidurojin, inda karo ke fizge musu furoton ɗaya ko biyu, sai ga nikel-78 ya fito a kan tsani, yana gudu, ya saki gamma. An kewaye wurin da duwatsun saurare 186. Da yake mai amon a guje yake, amon kan sauya, kamar yadda ƙarar hon ke sauyawa idan mota ta wuce ka da gudu, don haka dole kwamfuta ta gyara lissafin kowane tartsatsi. Sakamakon, wanda Ryo Taniuchi da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 2019, shi ne 2.6, kusan ninki biyu na 1.33. Nikel-78 tangaran yake. Amma sun kuma ji wani amo a 2.9, wanda suka fassara da cewa ƙwallon na da wata miƙaƙƙiyar sura a kusa-kusa, alamar cewa idan aka ƙara nisa kaɗan, lambar 50 ma tana iya bin sahun 20.

Duk wannan wahala ta mece ce?

Amsa ɗaya tana rataye a wuyan amarya. Kusan rabin sinadaran da suka fi baƙin ƙarfe nauyi, ciki har da mafi yawan zinari da dukkan yuraniyam, cikin 'yan daƙiƙoƙi aka yi su, a wurin da nutiron ke zuba kamar da bakin ƙwarya, ƙwallaye na haɗiya ba ƙaƙƙautawa har su zama irin baƙin nan, daga baya su rikiɗe su dawo masu zaman lafiya. A kan hanyar tasu sukan yi cunkoso a nutiron 50 da 82 da 126, kamar motoci a shingen bincike, kuma cunkoson 126 ne ya bar mana zinari da filatinam. Ranar 17 ga Agusta 2017 aka hango irin wannan wuri, lokacin da saƙon karon wasu matattun taurari biyu, waɗanda kusan nutiron ne zalla, ya iso duniya bayan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Zinarin Fazugli can kusa da iyakar Habasha, wanda kwaɗayinsa na cikin abin da ya sa Muhammadu Ali na Masar ya turo rundunar da ta ci Sinnar a 1821, da wanda samari ke bi cikin ramuka a sassan Sudan, duk ta irin wannan hanya ya biyo. Wanda bai san ƙarfin lambobin siddabaru a can nesa ba, ba zai iya lissafa yawan zinarin da irin wannan karo ke haifarwa ba. Abin da ya sa ke nan Amurka ta kashe dala miliyan 730 ta gina cibiyar FRIB a Jami'ar Jihar Mishigan, wadda ta fara aiki a 2022.

Afirka ma ba a bar ta a baya gaba ɗaya ba. A cibiyar iThemba kusa da birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu an daɗe ana nazarin surar ƙwallaye da jerin duwatsun jamaniyam da ake kira AFRODITE. A nan kusa kuma, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya da ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, wadda a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam maras ƙarfi da ba ya yin bom. Ana sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi a cikinta ya sha nutiron, a fito da shi a saurara. Idan akwai zinari a ciki, ya riga ya zama zinari-198, zai yi amo a 0.41. Ƙanen aikin RIKEN ne, nutiron ɗaya ake ƙarawa maimakon 18, amma kunnen da karatun iri ɗaya ne. A Sudan ma masanan hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar sun auna duwatsun fosfat na Uro da Kurun a Duwatsun Nuba da wannan saurare. Ni a ganina abin da ke danne irin wannan aiki a ƙasashenmu ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ba ne, wutar lantarki ce da ruwan naitirojin. Jamaniyam ba ya jiran a saki kuɗin kasafi, da ya ɗumama ya kurmance.

Agogon da yaƙi bai tsayar ba

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Cibiyar gashi ta Khartum ta daina aiki, marasa lafiya da likitoci suka kwararo Wad Madani, cibiyar Jami'ar Jazira ta koma babbar madogarar masu ciwon daji a ƙasar. A watan Disamba na shekarar RSF ta kama Wad Madani, nan ma aiki ya tsaya. A tsakiyar 2024 faɗan ya gangara Jihar Sinnar, Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni, manyan hanyoyin jihar suka yanke. Masu hali suka nufi Marawi can arewa, ko Masar. Marasa hali suka zauna da ciwonsu. Gashi kuwa ba ya son yankewa, domin idan aka tsaya a tsakiya ciwon kan samu sararin farfaɗowa. Sojoji sun sake karɓar Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma ranar 11 ga Janairu 2025.

Sai dai akwai agogon da bai san an yi yaƙi ba. Rabin kobalt-60 yana rikiɗewa cikin shekara 5 da wata 3, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, wato kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata. A watanni 13 da birnin ya yi a hannun RSF, duk wani bututun kobalt, ko a ina yake a duniya, ya yi asarar kimanin kashi 13 cikin 100 na ƙarfinsa. Bututu mai rauni na nufin kowane mara lafiya zai ƙara daɗewa a kan gado, layi kuma ya ƙara tsawo. Na ɗaukar hoto ma ya fi gaggawa. Hoton ƙashi da na ƙoda da na maƙoƙo da teknishiyam-99m ake yinsu, mai amon 0.14, wanda rabinsa ke tafiya cikin awa 6. Ana tatsarsa ne daga molibdenam-99, wani mai rarar nutiron da ake samu idan yuraniyam ya tsage a cikin tukwane 'yan ƙalilan a duniya, ciki har da SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu. Shi kuma rabinsa awa 66 yake yi, bayan mako guda kashi 17 cikin 100 ne ke saura. Ba abin ajiyewa a rumbu ba ne. Idan jirgi ya daina sauka, cikin mako biyu ɗakin hoto ya koma ɗaki kawai.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata masu sana'ar gwangwan su sani, a Sudan ne ko a Kano. A watan Satumba 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin gashi da aka yi ƙaura aka bari, suka kwance kan na'urar suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai wani gari mai ƙyallin shuɗi a cikin duhu, siziyam-137. Aka yi ta raba shi ga 'yan uwa da abokai don sha'awa. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka samu abin a jikin ko a kayan mutum 249, aka kuma auna mutum kimanin 112,000. A shekarar 2000 irin haka ta faru da kan na'urar kobalt a wata ma'ajiyar gwangwan a ƙasar Tailan, mutum uku suka rasu. Ba muna cewa haka ta faru a Jazira ba. Abin da muke cewa shi ne duk inda yaƙi ya ratsa, ƙarfe kan shiga kasuwa ba a tambayi asalinsa ba, kuma irin waɗannan bututai ba a asibiti kaɗai ake samunsu ba, har da kamfanonin gina hanya da na man fetur. Ƙarfen da nauyinsa ya fi girmansa ƙwarai, mai ɗauke da alamar da ta yi kama da farfelar fanka mai kunne uku a kan fenti rawaya, ba na sara ba ne, ba na kai wa gida ba ne. A matsa nesa, a hana yara zuwa, a sanar da hukuma ko asibiti mafi kusa. Gamma ba shi da wari, ba shi da launi, sai daga baya ake ganin amai da ƙuna a hannun da bai taɓa wuta ba.

Masanin da aka kira ya zo da ɗan akwatinsa ba ya buƙatar buɗe komai. Daga nesa zai tsaya ya saurara. Idan tsini ɗaya ya fito a 0.66, siziyam ne, kuma sai an shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. Idan biyu suka fito kafaɗa da kafaɗa, a 1.17 da 1.33, to kobalt ne, irin na ɗakin gashi.